Bulaguron Neman Ilmi: Hakkin Mai Tafiya da Hakkin Masu Aikawa

 

Duk wanda ya taɓa zuwa rakiya filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a watannin da makarantun ƙetare suke buɗewa, ko kuwa ya ratsa tashar mota da sassafe a ƙarshen hutu, lalle ya ga abin da za mu yi nazari a kansa yau. Ga saurayi ko budurwa da akwati a gaba, ga uwa tana fama da cusa ƙullin yaji da kuka da daddawa da dambun nama a cikin jakar da ta riga ta cika, ga uba ya ja gefe da carbi a hannu, yana maimaita wasiyyar da ya riga ya yi tun a gida, cewa a riƙe salla, a kiyayi abokan banza, a tuna abin da ya kai mutum. Sa'an nan a shafa fatiha, yaro ya shige, iyaye su juyo gida tsakanin murna da zullumi. Galibinmu muna ɗauka cewa daga wannan sa'a nauyi ya sauka daga wuyan masu rakiya ya koma wuyan mai tafiya. Ni kuwa abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, bulaguron neman ilmi amana ce ta mutum biyu, mai tafiya da mai aikawa, kuma magabatanmu, waɗanda ba su da jirgi ba su da waya, sun fi mu sanin rabon da ya hau kan mai aikawa.

Shi dai barin gida domin ilmi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin tafiyar Annabi Musa, alaihis salamu, zuwa ga bawan Allah Halliru a cikin Suratul Kahfi, alhali kuwa shi Annabi ne mai daraja, bai ga girmansa ya hana shi bin wanda ya san abin da bai sani ba. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa ga Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. Imamu Buhari ya bar Buhara tun yana matashi, ya zauna a Makka da Madina, ya ratsa Basra da Kufa da Bagadaza da Sham da Masar, kafin ya tara littafin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu. Wannan kuwa sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Abin da ya kamata mu daɗe a kansa shi ne yadda mutanen wannan yanki namu suka tsara tasu tafiyar.

A tsakiyar ƙarni na 13 na Miladiyya, sa'ad da alhazan Kanem suka ga 'ya'yansu suna yawaita a Masar, wasu a kan hanyar hajji, wasu domin karatun fiƙihun Malikiyya, sai suka haɗa dukiya suka damƙa wa wani alƙali, aka gina musu makaranta da masauki a Alƙahira, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, suka kuma ci gaba da aika mata da kuɗi daga gida. Daga baya a masallacin Azhar aka keɓe wa ɗaliban Barno ɓangarensu na kwana da karatu, kamar yadda aka keɓe wa mutanen Sham da na Magrib. Ku dubi wannan da kyau, jama'a. Mutanen da ke tsakanin Tafkin Chadi da hamada, waɗanda wasiƙarsu sai ta yi watanni a bayan raƙumi kafin ta isa, su ne suka fahimci cewa ba ya halatta a jefa yaro uwa duniya ba tare da an tanadar masa inda zai sa haƙarƙarinsa, da wanda zai tsaya masa in ya yi ciwo ko ya rasa guzuri ba.

Haka kuma labarin Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen nan masanin lissafi da ilmin taurari da hatimai, wanda ya bar ƙasar Hausa ya yi hajji, ya wallafa littattafai a ƙasashen Larabawa, ya kuma rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Da ajalinsa ya zo, a gidan babban malami Hasan al-Jabarti ya same shi, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa, har ɗan mai gidan, watau Abdurrahman al-Jabarti, ya ambace shi a cikin mashahurin tarihinsa na Masar. Baƙo ne daga Katsina, amma yana da mai masauki wanda ya san darajarsa, ya yi jinyarsa, ya adana abin da ya bari. Ba domin wannan masauki ba, da wataƙila sunansa ya ɓace kamar yadda na dubban matafiya ya ɓace a kan wannan hanya.

Sai kuma Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, wanda a ƙuruciyarsa ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya yi niyyar wucewa hajji, sai ya mayar da almajirinsa gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan doguwar tafiya ba. Akwai darasi biyu a nan. Na farko, ɗalibin wancan zamani wurin mutum yake zuwa, malamin da aka san sunansa, aka san malamansa, aka san silsilar ijazarsa, ba wurin ƙasa kawai ba domin an ce ana samun karatu a can. Na biyu, malamin yana ganin kansa wakilin uba ne, yaron amana ne a hannunsa, ba ya ƙetare haddin da iyaye suka gindaya. Ko tafiya gabas da iyayenmu suka saba yi, a ɗauki yaro a kai shi tsangayun Barno domin haddar Alƙur'ani, asalinta ke nan: uba ya san alaramma, alaramma ya san uba, garin da aka sauka kuma ya san cewa ciyar da almajiri hakki ne a kansa.

Da zamanin boko ya zo, siffar tafiyar ta sake, amma ginshiƙanta ba su rushe nan da nan ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta tara yara daga Sakkwato da Bauci da Barno da Ilori, wasunsu kuwa, kamar Ahmadu Bello, da ƙafa suke yin kwanaki a hanya kafin su iso. A 1943 Malam Abubakar Imam ya ziyarci Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta wa mutanensa abin da ya gano a littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatun aikin koyarwa a Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi sawu a shekara mai biye, ya komo ya tsaya a kan kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Ta ɓangaren Arabiyya kuma, Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 da malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga cikin waɗanda suka fito daga cikinta kuwa har da Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka tura Bakht er-Ruda ta Sudan a 1954, ya komo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, daga bisani ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Waɗannan mutane kaɗan ne in aka gwada da yawan jama'a, kuma ba na cewa zaɓen da aka yi musu ya game kowa da adalci, domin 'ya'yan talakawa da yawa da 'ya'ya mata kusan duka an bar su a baya. Amma dai wanda aka aika an san inda aka aika shi, an san wanda zai karɓe shi, an biya masa abin da zai ci, kuma kafin ya komo aikin da zai yi yana jiransa.

To, yau fa? Yau masu tafiya sun ninka na da nesa ba kusa ba, maza da mata, kuma dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Masu neman shiga jami'a a Nijeriya sun fi gurabun da ke akwai yawa, musamman a fannin likita; yajin aikin malaman jami'o'i ya sha mayar da karatun shekara huɗu ya zama na shida, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas; ga kuma fannonin da kayan koyonsu ba su wadata a gida ba. Saboda haka aka yi ta fita zuwa Masar da Sudan da Saudiyya, da Indiya da Malesiya da Turkiyya, da Ingila da Amurka, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna nufar Maroko da Aljeriya da Faransa. Babu laifi a cikin wannan, bal ma alheri ne, domin ilmin likita da na injiniya da na noma farali ne na kifaya, in babu mai yinsa a cikin al'umma, dukanta ta shiga zunubi. Laifin yana ga yadda muke aikawa.

Abu na farko da muka yi sakaci da shi shi ne sanin wurin da ake zuwa. Uba yakan sayar da gona ko fili, ya damƙa kuɗin ga wani dillalin makarantu da ya gani a waya, bai san sunan malami ko ɗaya ba, bai bincika ko hukumar ilmi ta ƙasar ta yarda da makarantar ba, balle ta ƙasarsa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a farkon 2024. Wanda wannan ya fi cutarwa shi ne yaron kirki da ya yi shekarunsa yana karatu tsakaninsa da Allah, ya wayi gari ana duban takardarsa da idon zargi. Magabata sun kasance suna tambayar mai ilmi daga wa ya karɓa. Mu kuwa mun koma tambayar nawa aka biya, yaushe za a gama.

Abu na biyu shi ne guzuri. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma sau da yawa kuɗin shekarar farko kaɗai ake tanada, sauran a ce Allah zai kawo, alhali tawakkali ba ya kore dabara. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,500, watau uban da ya yi lissafin ɗawainiyar ɗa ɗaya ya wayi gari kamar yana ɗauke da uku. Hatta waɗanda hukumomi suka tura, an sha jin kukansu a kafafen watsa labarai cewa alawus ya yanke, ko kuwa gwamnati ta sauya, sabuwa ta ƙi ɗaukar alkawarin tsohuwa, makaranta ta riƙe takardar yaro sai an biya bashi. Wanda ya aika ɗan mutane ƙasar da ba shi da kowa, sa'an nan ya yanke masa abinci, ya ci amana, ko da sunansa uba, ko da sunansa hukuma.

Abu na uku, wanda ya fi duka ciwo, shi ne masauki da majingina a ranar tsanani. A ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na Ramalana, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A cikin birnin akwai ɗimbin 'ya'yanmu, da yawansu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, masu karatun likita da shari'a da Larabci. Waɗanda suka bi labarin ba za su manta da hotunan ba: 'yan mata zaune a kan akwatunansu a harabar makaranta cikin zafin rana suna jiran motoci, wayoyi suna mutuwa saboda babu wuta, sa'an nan doguwar tafiya cikin hamada zuwa iyakar Masar, inda aka yi kwanaki ana jiran izinin shiga, wasu kuma aka bi da su ta Port Sudan, har jiragen farko suka sauka Abuja a farkon watan Mayu. Iyaye a Kano da Katsina da Gusau suka yi Ƙaramar Salla da waya a hannu, ba su san wanda za su kira ba. Shekara guda kafin wannan, a Fabrairun 2022, irin haka ta sami ɗalibanmu a Yukren, suka yi ta tururuwa zuwa iyakokin Poland da Romaniya da Hungary cikin sanyin da ba su taɓa gani ba. Muna godiya ga duk wanda ya sa hannu aka kwaso su. Amma abin tambaya, Sudan ƙasa ce da Hausawa da Fulani suka daɗe a cikinta, ga garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ga unguwannin 'yan'uwanmu a birane da dama. Yaya aka yi muka tura dubban yara can ba tare da mun ƙulla musu zumunci mai ƙarfi da waɗannan dangi ba, ba tare da cikakken lissafin sunayensu da wuraren zamansu a hannun wanda zai iya tsaya musu ba?

Ko babu yaƙi, akwai yaƙin zuci wanda ba ya fitowa a labarai. Yaron da ya tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, inda ko ciwon kai ya yi sai mutum goma sun gaishe shi, ya je ƙasar da maƙwabci ba ya sanin maƙwabci, ya yi azumi shi kaɗai, ya sha ruwa shi kaɗai, ya ji rasuwar kakarsa ta saƙon waya ana gobe jarrabawa. In an kira shi daga gida, tambayar ba ta wuce yaya karatu, yaushe za a fara aiko da wani abu. Shi kuwa kunya da gudun tayar da hankalin mahaifiya sun hana shi cewa ya faɗi jarrabawa, ko kuɗin haya ya ƙare, ko kewa ta hana shi barci. A irin wannan hali ne shaiɗan yake samun ƙofa, ba domin yaron ba shi da tarbiyya ba, sai domin babu babba kusa da shi da zai dube shi ya gane akwai damuwa.

Sai batun komowa. Akan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma akwai masu ganin duk wanda ya gama karatu bai dawo ba ya butulce. Ni ina ganin maganar tana bukatar tafsili. Wanda aka tura da dukiyar jama'a bisa sharaɗin ya komo ya yi musu aiki, cika alkawari wajibi ne a kansa, ba shi da wani uzuri face na larura. Amma ba kowane mai zama a waje ne ya yanke zumunci ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, ya zauna a Kete-Krachi ta ƙasar Gana har rasuwarsa a 1934, bai komo ya zauna a ƙasar Hausa ba, amma ya karantar da almajirai, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa, zangon da ya zauna ya zama masaukin ilmi ga na bayansa. Ma'auni shi ne amfani: shin wanda ya riga ka isa ya zama mai masauki ga wanda ya zo bayansa? A ɗaya gefen kuma, mu da ke gida, me muka tanadar wa mai komowa? Likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin a ba shi lasisi, wannan kuwa daidai ne domin kare rayuka, amma wa yake shirya shi dominta? Injiniya ya komo da ilminsa ya shekara uku yana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, in ya gaji ya sake fita, sai mu ce ba ya kishin ƙasa.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin a sayar da gona a bincika makaranta a wurin hukumar ilmi, a nemi wanda ya gama can a ji daga bakinsa, a yi lissafin shekarun karatu duka, kuma kada a sallami yaro sai an san sunan babban mutum guda a garin da za shi, wanda za a iya kira da tsakar dare. In kun kira shi, ku tambayi lafiyarsa da abokansa da sallarsa kafin ku tambayi sakamako, ku nuna masa cewa faɗuwa jarrabawa ba ta rufe masa ƙofar gida. Ya ku hukumomi, kuɗin ɗalibin da aka tura a keɓe shi tun ranar da aka tura shi, yadda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba, ofisoshin jakadanci kuma su riƙe sunan kowane ɗalibi da inda yake kwana. Ya ku attajirai, ƙofar waƙafi a buɗe take. Gidan ɗalibai a Alƙahira ko a wani birnin da 'ya'yanmu suka yawaita sadaka ce mai gudana, kuma mutanen Kanem sun riga ku yin ta da ƙarni bakwai da ɗoriya. Kada kuma mu manta da ƙananan matafiya da ke ƙofar gidajenmu, almajiran da aka kawo daga ƙauyuka masu nisa. Hakkin da muke nema wa ɗanmu a ƙasar wasu, shi ne hakkin ɗan wani a unguwarmu, kuma uban da ya aiko shi ba guzuri, za a tambaye shi kamar yadda za a tambaye mu.

Kai kuma ɗalibi, ɗana ko ƙanena, da kake saurare daga nesa, ka gyara niyya, ka riƙe abin da ya kai ka, ka girmama dokar ƙasar da ta karɓe ka, ka koyi harshen mutanenta da kyawawan ɗabi'unsu, ka nemi jama'arka tun kafin ka bukace su, in abu ya dame ka ka faɗa, domin neman taimako ba gazawa ba ne. In Allah ya sa ka zauna da gindinka, ka tarbi sabon zuwa, ka nuna masa hanya, ka zama masa abin da ka so a zama maka.

Allah ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba iyaye da shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu.